Tony Dungy: Ɗan Wasan da Ya Koma Malamin 'Yan Wasa

Gabatarwa

A ranar 4 ga Fabrairu, 2007, ana tsuga ruwan sama a Miami ta ƙasar Amurka, ƙungiyar Indianapolis Colts ta ci ƙungiyar Chicago Bears da maki 29 da 17 a wasan ƙarshe na ƙwallon zari-ruga irin ta Amurka, wato wasan da ake kira Super Bowl. Mai horar da 'yan wasan Colts a ranar shi ne Tony Dungy, kuma shi ne baƙar fata na farko da ya ɗauki wannan kofi a matsayin babban koci. Wannan maƙala za ta bi sawun mutumin nan tun daga lokacin da yake ɗan wasa har zuwa lokacin da ya ajiye aiki, domin a ga yadda ɗan gajeren zamanin wasansa ya haifar da irin tasa horarwar, da kuma abin da wannan horarwa ta jawo masa na riba da hasara.

Yadda wasan yake

Da yake wasan baƙo ne a ƙasar Hausa, ya kamata a fara da bayaninsa a taƙaice. Ko da yake Amurkawa suna kiransa ƙwallon ƙafa, hannu ya fi aiki a cikinsa. Ita ƙwallon doguwa ce, mai ɗan tsini a kowane kai. Kowane ɓangare yana da mutum 11 a fili, tsawon filin kuwa yadi 100 ne tsakanin layukan ƙarshe guda biyu. Ɓangaren da ke riƙe da ƙwallo ana ba shi dama 4 ya ci gaba da yadi 10, ko ta hanyar rugawa da ita, ko ta hanyar jefa ta ga abokin wasa. Idan ya cika yadi goman sai a sabunta masa damar, idan kuwa ya kasa sai ƙwallo ta koma hannun abokan karawa. Wanda ya tsallake layin ƙarshe da ƙwallo a hannu ya sami maki 6, wanda ya buga ta da ƙafa ta bi ta tsakanin sanduna biyu ya sami maki 3.

Abubuwa biyu ne ya kamata mai karatu ya riƙe. Na farko, kowace ƙungiya tana da 'yan kai hari daban da 'yan tsaro daban, in waɗannan sun shiga fili waɗancan su fita. Na biyu, wasa yana tsayawa bayan kowace dama, a sake jera mutane, a tsara abin da za a yi. Saboda haka wasan ya yi kama da dara ta fuskar lissafi, kuma hannun koci yana cikin kowane motsi. A cikin 'yan kai hari akwai mutum guda da ake kira kwatabak, wanda shi ke karɓar ƙwallo a farkon kowace dama, ya duba yadda abokan karawa suka tsaya, ya yanke shawarar inda zai jefa. A nan za a kira shi madugu, domin shi ne uban tafiya.

Madugun da aka mayar ɗan gadi

An haifi Tony Dungy a ranar 6 ga Oktoba, 1955, a garin Jackson na jihar Michigan. Iyayensa duka malaman makaranta ne: mahaifinsa yana koyar da kimiyya a kwalejin garin, mahaifiyarsa tana koyar da Turanci da adabi a makarantar sakandare. Daga 1973 zuwa 1976 ya yi karatu a Jami'ar Minnesota, inda ya zama madugun ƙungiyar jami'ar, kuma sau biyu ana zaɓensa gwarzon ɗan wasan ƙungiyar.

A kowace shekara ƙungiyoyin babbar gasar ƙasar, wato NFL, sukan zauna su zaɓi sababbin 'yan wasa daga jami'o'i, bi da bi. A 1977 an yi zagaye 12 ana zaɓe, ba wanda ya kira sunan Dungy. Ana iya cewa jikinsa bai kai girman da ake nema ba, ko jifarsa ba ta kai ƙarfin ta wasu ba. Sai dai kuma sanannen abu ne cewa a wancan zamani ƙungiyoyi ba su cika yarda su damƙa aikin madugu a hannun baƙar fata ba, domin aiki ne na tunani da shugabanci, kuma akwai tsohuwar wariya da ke cewa baƙar fata gudu da ƙarfi kawai ya iya. Abin da aka saba yi shi ne a ɗauki madugun jami'a baƙar fata a mayar da shi wani wurin da ake bukatar sauri. Warren Moon, wanda ya ƙi yarda a sauya masa wuri a 1978, sai da ya tafi Kanada ya yi shekara shida yana wasa kafin NFL ta karɓe shi a matsayin madugu.

Dungy ya zaɓi ɗaya hanyar. Ƙungiyar Pittsburgh Steelers ta ɗauke shi, ta mayar da shi cikin 'yan tsaro, a layin baya, inda aikinsa shi ne hana madugun abokan karawa samun wanda zai jefa wa ƙwallo. To, a nan ne abin da aka raba shi da shi ya yi masa rana. Mutumin da ya yi shekaru yana karanta 'yan tsaro domin ya yaudare su, yanzu ya tsaya a cikinsu yana karanta madugu, kuma ya san abin da madugu ke dubawa da abin da ke ruɗa shi. A watan Oktoba na 1977, a wasa da Houston Oilers, madugan Steelers biyu suka ji rauni, aka rasa wanda za a sa sai shi. A wannan wasa guda ya cafke ƙwallon da abokan karawa suka jefa, sa'an nan shi ma ya jefa aka cafke tasa, abin da ba a cika gani ba a tarihin gasar. An ci Steelers a ranar. A kakar 1978 kuwa ya cafke ƙwallo 6, fiye da kowa a ƙungiyar, kuma a Janairun 1979 yana cikin waɗanda suka ɗauki Super Bowl bayan sun ci Dallas Cowboys da maki 35 da 31.

Daga nan sai tauraronsa na wasa ya dushe da sauri. A 1979 aka mayar da shi San Francisco, ƙungiyar da ta ci wasa 2 kacal cikin 16 a shekarar. A 1980 ya je New York Giants, aka sallame shi tun kafin a fara kaka. Shekara uku ke nan duk zamanin wasansa, bai kai shekara 25 da haihuwa ba.

Makarantar Chuck Noll

Babban kocin Steelers a lokacin shi ne Chuck Noll, wanda ya riƙe ƙungiyar daga 1969 zuwa 1991, ya ɗauki Super Bowl sau 4. Noll mutum ne marar yawan magana, wanda ya ɗauki kansa malami. Maimakon zuga 'yan wasa da kirari da tsawa, ya fi son ya nuna musu inda za su aza ƙafa, da yadda za su sunkuya, da dalilin yin haka. Dungy ya sha faɗa cewa babban abin da ya koya a wurinsa shi ne, zakaru suna yin abubuwan yau da kullum ne fiye da yadda kowa ke yin su, ba sai sun zo da wani abin al'ajabi ba.

Bayan ya yi shekara guda yana taimakawa wajen horarwa a tsohuwar jami'arsa, Noll ya kira shi a 1981 ya ba shi aikin mataimakin koci, yana ɗan shekara 25, wasu daga cikin waɗanda zai koyar sun girme shi. A 1984 ya zama shugaban sashen tsaro na ƙungiyar gaba ɗaya. Wanda ya hau wannan muƙami da ƙuruciya haka, bisa al'ada ba ya daɗewa bai zama babban koci ba. Shi Dungy sai da ya jira shekara 12. Ya bar Pittsburgh bayan kakar 1988, ya yi shekara uku a Kansas City, inda ya tarar da Christian Okoye, haifaffen Enugu a Nijeriya, wanda a 1989 ya fi kowa a gasar cin yadi ta hanyar rugawa da ƙwallo. Daga 1992 zuwa 1995 ya shugabanci sashen tsaro na Minnesota Vikings a ƙarƙashin Dennis Green.

A cikin waɗannan shekaru an sha kiransa ganawa domin neman aikin babban koci, a saurare shi, a ba wani. Abin da aka fi yi masa ƙorafi a kai shi ne sanyin hali. Ba ya zagi, ba ya ɗaga murya, Kirista ne mai riƙo da addininsa, kuma ba ya ɓoye cewa addini da iyali suna gaba da wasa a wurinsa. Masu ƙungiyoyi kuwa sun saba da kocin da ke kwana a ofis, yana kumfar baki a gefen fili. Ga kuma maganar launin fata: tun bayan Fritz Pollard a farkon shekarun 1920, NFL ba ta sake samun baƙar fata a kujerar babban koci ba sai a 1989, da ƙungiyar Raiders ta naɗa Art Shell.

Tampa: wani ya yi shuka, wani ya girbe

A Janairun 1996 ƙungiyar Tampa Bay Buccaneers ta jihar Florida ta naɗa shi, bayan wasu mashahuran kociyoyi biyu da ta fara nema ba su karɓa ba. Ba abin mamaki ba ne da suka ƙi. Ƙungiyar ta fara wasa a 1976, aka ci ta wasa 26 a jere kafin ta ci ko guda, kuma daga 1983 zuwa 1995 babu shekarar da wasannin da ta ci suka kai waɗanda aka ci ta. A kakarsa ta farko aka ci Dungy wasa 5 na farko a jere. Bai sauya tsari ba, bai kuma shiga neman wanda zai ɗora wa laifi ba. Suka gama shekarar da cin wasa 6 cikin 16, a 1997 kuwa suka ci 10, suka shiga zagayen sili-ɗaya-ƙwale, wato zagayen ƙarshen kaka inda wanda aka ci sau ɗaya ya tafi gida. Rabon ƙungiyar da wannan zagaye tun 1982.

Tsarin tsaron da ya kafa tare da mataimakinsa Monte Kiffin shi ne ake kira Tampa 2, kuma ya cancanci a ɗan tsaya a kansa, domin a nan ne ake ganin ɗan wasa a cikin koci. Mutum huɗu ne kawai ke afka wa madugun abokan karawa. Sauran bakwai ba sa bin mutum, kowa yana gadin yankinsa ne, idonsa a kan madugu. Biyu suna tsayawa can baya, kowanne ya riƙe rabin faɗin fili. Raunin irin wannan tsari shi ne tsakiyar da ke tsakanin su biyun, sai aka ɗora wa ɗan tsaron tsakiya aikin ja da baya a guje ya toshe wannan kafa. Manufar ita ce a hana abokan karawa doguwar jifa, a tilasta musu cin yadi kaɗan-kaɗan, har su gaji ko su yi kuskure. Tsohon madugu ne ya fi kowa sanin cewa haƙurin madugu yana ƙarewa. Dungy bai taɓa cewa shi ya ƙirƙiro tsarin ba, ya ce daga Steelers ta shekarun 1970 ya ɗauko shi. Tsari ne mai sauƙin fahimta, mai bukatar sauri fiye da girman jiki, amma in mutum guda ya bar wurinsa duka ginin ya rushe. Saboda haka aikinsa maimaici ne, kullum abu ɗaya, har ya zama jiki. Da shi ne Warren Sapp da Derrick Brooks da John Lynch suka zama manyan 'yan wasa.

Sai dai ba za a rufe ido ga inda ya gaza ba. Sashen kai hari na Tampa bai taɓa kama ƙafar sashen tsaro ba. A Janairun 2000 saura wasa guda su kai Super Bowl, 'yan tsaronsa suka riƙe St. Louis Rams, ƙungiyar da ta fi kowa cin maki a shekarar, a kan maki 11, amma 'yan harinsa 6 kawai suka iya kawowa. A kaka biyu da suka biyo baya Philadelphia Eagles ce ta fitar da su, da maki 21 da 3, sa'an nan 31 da 9. A waɗannan wasanni uku ba su tsallake layin ƙarshe ko sau ɗaya ba. A Janairun 2002 aka sallame shi, alhali ya ci wasa 54 cikin 96, kuma sau 4 cikin shekara 6 yana kai ƙungiyar zagayen ƙarshe.

Tampa ta biya Oakland Raiders dala miliyan 8 da damar zaɓen sababbin 'yan wasa har 4 domin ta sami Jon Gruden, koci mai zafin rai, kishiyar Dungy a hali. A Janairun 2003 Tampa ta ɗauki Super Bowl da maki 48 da 21. Masu cewa sanyin hali ba ya kai ga kofi suka sami hujja. Amma wanda ya duba yadda aka ci wasan zai ga cewa 'yan tsaro ne suka cafke ƙwallo 5, suka mayar da 3 daga ciki maki, kuma Kiffin ne ke jagorantarsu da tsarin nan dai. Gaskiyar magana ita ce Gruden ya gyara abin da Dungy ya kasa gyarawa, a kan harsashin da Dungy ya gina, kuma har yau masu sha'awar wasan ba su daina gardama a kan rabon yabon ba.

Korar Dungy da ta Dennis Green, waɗanda duka suka fi cin wasa a kan a ci su, ta tayar da ƙura. A kakar 2002 baƙaƙen fata biyu ne kawai ke riƙe da ƙungiya cikin 32, a gasar da fiye da rabin 'yan wasanta baƙaƙe ne. Lauyoyi biyu, Johnnie Cochran da Cyrus Mehri, suka fitar da rahoto a kan lamarin a 2002, kuma a 2003 NFL ta kafa dokar da aka sa wa sunan Dan Rooney, mai ƙungiyar Steelers, wadda ta wajabta ganawa da aƙalla mutum guda daga tsirarun jinsuna kafin a naɗa babban koci. Dokar ta buɗe ƙofar ganawa, amma ba ta tilasta wa kowa ɗauka ba, shi ya sa a 2022 koci Brian Flores ya kai gasar ƙara yana zargin cewa wasu ganawar ta cika sharaɗi ce kawai.

Indianapolis

Kwanaki kaɗan bayan korarsa ƙungiyar Indianapolis Colts ta ɗauke shi. A nan lamarin ya juya: ga madugu gwani, Peyton Manning, ga tsaro marar ƙarfi. Dungy ya nuna ya koyi darasi daga Tampa. Ya bar sashen hari a hannun Tom Moore, wanda ya koyar da shi tun yana ɗalibi a Minnesota, shi kuma ya fuskanci tsaro. Shekara huɗu a jere suna kai wa zagayen ƙarshe ana fitar da su. Na farko ma da maki 41 da nema aka ci su, a hannun New York Jets ta Herman Edwards, tsohon mataimakinsa. Sau biyu New England Patriots ta tare musu hanya. A 2005 suka ci wasa 13 na farko a jere, sai a watan Disamba babban ɗansa namiji ya rasu yana da shekara 18. Dungy ya koma bakin aiki bayan jana'iza, a Janairu kuma Steelers ta fitar da su da maki 21 da 18.

Kakar 2006 ce ta gwada aƙidarsa gwaji na ainihi. Tsaron Colts ya zama na ƙarshe a gasar wajen tare masu rugawa da ƙwallo, har Jacksonville ta ci yadi 375 a kansu a wasa guda cikin Disamba. 'Yan jarida suka yi ca, suna cewa a sauya tsari. Amsarsa ita ce tsarin lafiya lau yake, aiwatarwa ce ta lalace, sai aka koma kan tushe, wato tsayawa a wurin da aka sa mutum da kama abokin karawa yadda ya kamata. Bob Sanders, ɗan layin baya da ya yi jinya mafi yawan kakar, shi ma ya dawo. A zagayen ƙarshe suka riƙe Kansas City a kan maki 8, Baltimore a kan 6. A ranar 21 ga Janairu, 2007, Patriots ta wuce su da maki 21 da 3, amma suka farfaɗo suka ci da 38 da 34. Sa'o'i kaɗan kafin wannan, Chicago Bears ta Lovie Smith ta riga ta sami gurbinta. Smith ya yi shekara 5 yana mataimakin Dungy a Tampa, shi ma baƙar fata ne, shi ma Tampa 2 yake amfani da shi. Ashe ko wane ne ya ci, tarihi zai kafu, kuma daga makaranta guda.

Wasan ya fara da kuskuren Dungy, kamar yadda shi da kansa ya amsa daga baya. An shirya ba za a buga ƙwallon farko wajen Devin Hester ba, saboda tsananin gudunsa, sai Dungy ya sauya shawara domin kada a ce tsoro suke ji. Hester ya karɓa, ya ruga yadi 92 ya tsallake layi. Dungy bai ɗaga murya a gefen fili ba. Colts suka bi wasan sannu a hankali cikin ruwan sama har suka ci.

Ya ƙara kaka biyu, sa'an nan ya ajiye aiki a Janairun 2009 yana da shekara 53, ya miƙa ƙungiyar ga mataimakinsa Jim Caldwell. A shekara 13 na shugabanci ya ci wasa 139 aka ci shi 69 a wasannin kaka, amma a zagayen sili-ɗaya-ƙwale 9 ya ci aka ci shi 10, kuma wannan ne masu sukarsa ke riƙe da shi. A 2016 aka shigar da sunansa zauren gwarazan wasan da ke Canton a jihar Ohio. Makonni uku bayan ya ajiye aiki, a ranar 1 ga Fabrairu, 2009, Mike Tomlin, wanda Dungy ya fara ba aiki a NFL a 2001, ya jagoranci Pittsburgh Steelers ta ci Arizona Cardinals da maki 27 da 23 a Super Bowl. A filin wasa na birnin Tampa aka buga wasan.